Wa Ya Aike Ki, Mnena?

Duk Lahadin da za a ci jibin Ubangiji a majami'armu, da an gama wa'azi sai fasto ya rufe littafinsa ya ce waɗanda ba su da rabo a teburin su fita cikin natsuwa. Yara ne ke fara fita, suna ture juna a bakin ƙofa. Sai mu manyan da ba a yi wa baftisma ba tukuna. Ta ƙarshe kullum Mnena ce, matar Dattijo Orkuma. Takan tashi daga bencin baya ta gyara ɗankwalinta, ta fito ta zauna a kan saiwar mangwaron da ke gefen majami'a, ta juya wa taga baya. Mijinta kuwa yana ciki, shi ne ma mai zagayawa da farantin gurasa.

A kan saiwar nan na san ta. Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuma ta gaji da masu ba ta shawara, sai zaman ya yi mana daɗi.

Kowa a ƙauyen ya san laifinta. Lokacin da ɗanta Sesugh yake goye, ciwon jijjiga ya kama shi, allurar mai kemis ta gaza, asibitin Gboko kuma ya yi nisa ga wanda ba shi da abin hawa. Aka gan ta da rana tsaka tana fitowa daga gidan tsoho Atser mai gyaran akombo, tsafin gargajiyarmu, yaron a bayanta, da jinin kaza a goshinsa. Yaro ya tashi. Ita kuma dattawan ikilisiya suka sa ta ƙarƙashin horo, domin mai bi ba ya kai kukansa gidan tsafi.

Irin wannan horo ba ya wuce shekara. Mutum zai zo gaban dattawa ya tuba, su yi masa tambayoyi ya amsa, ranar Lahadi a kira sunansa a mayar da shi tebur. Amma a kan maganar akombo akwai tambayar da ba a tsallakewa: wa ya aike ka, wa kuma ya sani? Dattawa sukan ce tsafi kamar tofa yake a gona, in ba a tono saiwarsa ba aikin banza aka yi. Da aka yi wa Mnena wannan tambaya sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Suka ce shirun nan taurin zuciya ne, ta tafi, ranar da ta shirya amsawa ta dawo.

Abin da ƙauye bai sani ba, ni ma sai da muka daɗe tare ta faɗa mini, muna ɓarar agushi a bayan madafinta.

"Maigidana da kansa ya kama kazar," ta ce, idonta a kan faifai. "Shi ya ɗaure mata ƙafa ya sa mini a kwano, ya rufe da ganyen ayaba. Ya ce in bi ta bayan gonar lemu. Wai shi dattijo ne, in aka gan shi a can shi ke nan."

"To me ya hana ki faɗa musu?"

"Yana zaune a cikinsu fa, Maman Wandoo. Tun a gida ya roƙe ni in ba shi lokaci, zai faɗa da bakinsa. Ni ce zan tuɓe wa uban 'ya'yana wando a gaban mutane?"

"Ki ce ke kaɗai kika je mana, ki huta. Wa zai bi sawu?"

Ta ajiye agushin da ke hannunta ta dube ni.

"In ɗora hannu a kan Littafi in yi ƙarya, don in samu in ci jikin Ubangiji? Ai gara in zauna da yunwata."

Daga nan ta sa na yi mata alkawari maganar ba za ta fita daga bakina a ƙauyen ba muddin mijinta bai furta ba.

Katangar kara ce kawai tsakanin gidajenmu, don haka na ji yawancin lokutan da ta tuna masa. Takan jira ya ci sakwara ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a cikin ate, rumfar tsakar gida inda yake karɓar baƙi. Sai ta zo ta durƙusa a gefe kamar mai kwashe kwanuka.

"Maigida, an tone doya."

"Na gani, ai da ni aka tona."

"Ka ce bayan tonon doya."

"Uwar Sesugh, ke ba ki san zaɓen dattawa ya matso ba? So kike Iorfa ya hau kujerata, mutumin da ko addu'ar abinci ba ya iya kaiwa ƙarshe sai miya ta huce? Aikin Allah ne zai lalace, ba ni ba. Bari zaɓe ya wuce."

Zaɓe ya wuce, sai ga rufin majami'a, wanda shi ne shugaban aikin, kuma ba a sauya mai riƙe da tsani ana kan jinka. Aka gama rufi, sai ga masu neman auren babbar 'yarsu, gidan masu bi ne ƙwarai, in suka ji wani abu za su janye. Aka yi aure, sai Sesugh ya sami shiga makarantar horar da fastoci. Kowane uzuri da gaskiyarsa a ciki, shi ya sa yake da wuyar musu. Mnena takan ce to, ta kwashe kwanukan.

Da farko Orkuma yana jin nauyinta. Yakan sayo mata zane a kasuwar Vandeikya ba tare da ta roƙa ba. Amma na lura, mutum idan ya daɗe da ɗora wa wani kayansa, yakan manta nasa ne, har ya fara faɗan mai ɗaukar ba ya sauri.

A addu'ar safe aka soma. Wata rana sun yi baƙi daga wata ikilisiya, da layi ya zo kanta za ta yi addu'a sai ya ɗaga hannu ya ce a tsallake, wanda ke ƙarƙashin horo ba ya jagorar addu'a. Na ɗauka don idon baƙi ya yi. Baƙi suka tafi, dokar ta zauna. Daga nan ya shiga zaɓen wurin karatu. Yau labarin sarkin nan da ya ɓad da kama ya tafi wurin mace mai kiran matattu, gobe na mutumin da ya binne haram a cikin tantinsa ya jawo wa jama'a duka masifa. Ya fi son wurin da annabi yake gargaɗin masu saɓa wa Allah da kunyar da ba ta gushewa. Yakan karanta shi a hankali, ya cire tabarau, ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya ya ce su yi hattara, zunubin yini guda yakan bi mutum har furfura. Ba ya kiran suna. Yaran sukan saci kallon uwarsu, ita kuma ta dubi yatsun ƙafarta.

Shugabar zumuntar mata ta zo da kanta ta karɓi zanen ƙungiya, ta ce ajiya ce kawai. Aka daina ba Mnena wankin farin ƙyallen tebur, wanda a da ita ke yi saboda ta fi kowa iya guga. Amma girki ba a taɓa hana ta ba. Duk taron da ikilisiya za ta yi, a gidan Dattijo ake saukar baƙi, ita ke fere doya tun safe, ita ke daka har kafaɗa ta ƙage. In an jera kwanuka sai 'ya'yanta mata su kai. Baƙi su ci su suɗe hannu, su ce gidan Dattijo akwai albarka.

A rafi kuwa ba a rasa mai taɓa ta. Na tuna wata matashiya mai baki, matar mai injin niƙa, ta ɗaga murya tana matse wanki.

"Mama Mnena, ɗana na zazzaɓi. Wace irin kaza ake kaiwa, baƙa ko ja?"

"Wadda mijinki bai riga ya kai wa mai burkutu ba," in ji Mnena, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Mata suka kwashe da dariya, yarinyar ta kama bakinta. Amma a hanyar komawa na ga tulun Mnena yana rawa a kanta, ruwa na zuba mata a wuya, ba ta ko share ba.

Ana nan na gama koyon karatu da tambayoyin bangaskiya a ajin manya, aka yi mini baftisma da furfurata. Lahadin jibi ta farko bayan haka, da fasto ya ce a fita, na zauna a wurina. Ta zo wucewa ta gefena ta dafa kafaɗata kaɗan, ta fita. Ta taga ina hango bayanta a kan saiwar mangwaro, ita da yara masu jifan 'ya'yan itace. Da aka tashi ta tare ni da murmushi.

"Yaya ɗanɗanonsa yanzu? Har yanzu burodin gidan Mama Doo suke yankawa?"

Na ce shi ne.

"Ya cika sukari," ta ce. "Tun da ma na faɗa musu."

Sesugh ya yi aure tun yana makaranta, ya auri Iveren, malamar firamare, yarinya mai ladabi. Da suka haihu suka kawo jaririn gida. Mnena ta yi masa wanka irin na da, ta gasa masa cibiya, ta goye shi tana yi masa waƙa har ya yi barci. Da Iveren ta karɓe shi ta yi godiya har ƙasa, ta shiga ɗaki. Labule bai rufu sosai ba. Mu biyu muka ga ta kwance wa yaron riga tana laluba wuyansa da ƙugunsa, tana duba ko an ɗaura masa wani abu. Ba da mugunta ta yi ba, abin da ta ji tun shigarta gidan ne. Mnena ta miƙe ta ce bari ta duba wuta, alhali babu komai a murhu. Tun daga ranar, in an miƙo mata jikan sai ta ce hannunta da manja.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, in ta ɗan taka sai ta tsaya neman numfashi. Aka kai ta asibiti a Gboko, likita ya ce zuciya ce, ta bar daka, ta bar gishiri. Gishirin ta bari. Daka kuwa, Orkuma ya ce shi sakwarar yara ba ta wuce masa maƙogwaro, gudaji ne da ita, sai ta koma yi a zaune tana hutawa tsakani. Masu zuwa gaisuwa yakan tare su a cikin ate ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Muna addu'a. Wani ciwon gargaɗi ne, Ubangiji yakan ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya rufe ta. Ni dai na yi haƙurin da zan iya."

Su kuma su girgiza kai su ce lallai Dattijo ya ɗauki gicciyensa.

Ran nan ta sake durƙusa masa, da ƙyar, tana dafa ginshiƙin rumfa.

"Maigida, ba ni da damina da yawa a gaba."

"Wa ya san gawar fari? Ni ma gwiwa ta hana ni barci, ba na dai faɗa ne."

"Ba na so in tafi ina waje."

"To wa ya sa ki a waje? Ƙofa a buɗe take tun shekaru. Ke kika ƙi amsa tambayar dattawa."

Ta daɗe tana kallonsa. Ina jin a ranar ta gane ba ɓoyewa kawai yake yi ba, ya riga ya gaskata abin da yake faɗa.

A shekarar ne aka naɗa Sesugh fasto. Ikilisiyarmu ta roƙa a bar shi ya zo gida ya ba da jibinsa na farko a majami'ar da ya girma, aka yarda. Ƙauye ya ɗauki shiri, aka yi wa majami'a farin fenti, aka ɗaure akuya. Ya iso tun farkon makon. Ina zaune da uwar a ƙofar ɗakinta ina shafa mata man zafi a ƙafa sai ya zo ya tsuguna a gabanta, da farar kwalarsa a wuya, ya kama hannunta biyu.

"Mama, abu ɗaya na zo roƙo."

"Fasto guda yana tsugune a ƙasa? Tashi kar wandonka ya yi datti, ba ni da ƙarfin wanki."

"Ba wasa nake ba, Mama. Zan ba dukan ƙauye gurasa da hannuna, ke kina ƙarƙashin mangwaro? Saboda ni kika shiga wannan. Kullum na tuna sai in ji kamar raina ne aka saya da naki. Ki je gaban dattawa ki amsa musu. Tsoro ne ya kai ki, kowa ya sani. Kalma biyu ce."

"Kalma biyu," ta maimaita.

"In wata tsohuwa ce ta ba ki shawara kike rufa mata asiri, ai ta daɗe da mutuwa. In kuma ba kowa, ki ce ba kowa. Me ya yi saura?"

Ta shafa kansa kamar yaro, ta ce ya bari ta yi magana da babansa.

Da la'asar ta sa na rakata har bakin ate, na koma gefe. Wannan karon ba ta durƙusa ba, ƙafa ba za ta yarda ba. Ta zauna a kan kujerar katako, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabansa ba.

"Orkuma," ta ce. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ran nan. "Jibi zan je gaban dattawa. Ko ka faɗa, ko ka ba ni izini in faɗa."

Ya kashe rediyonsa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

"Na ba ki izini," ya ce a hankali. "Ki faɗa. Ni na tsufa, su karɓe kujerar, me zan yi da ita? Amma ki yi tunanin yaron nan. Yau ana cewa uwarsa ta yi kuskure, ubansa ya tsaya da gaskiya ya rene shi a hanyar Allah. Ran Lahadi me za a ce? Fasto wanda uwa da uba suka haɗa kai suka kai shi gidan tsafi, uban kuma ya zauna cikin dattawa yana raba jibi da ƙarya a bakinsa tun yaron na goye. Wace ikilisiya ce za ta kira shi? Duk inda ya hau bagadi za a nuna shi da baki. Kunyar da kika ɗauka ke ɗaya, yanzu za ki raba masa ya kai wa 'ya'yansa. In kin ga hakan ya fi, uwar Sesugh, bakinki naki ne."

Ya kunna rediyonsa.

Ranar zaman dattawa ni na riƙe ta har majami'a, muna tafiya muna tsayawa. Na zauna a barandar ɗakin taro, ƙofa a buɗe saboda zafi. Faston ikilisiya ya ce tunda matar Dattijo Orkuma ce, in yana so ya fita har a gama. Orkuma ya ce aikin Allah ba ya duban fuska, kuma tunda shi ne babba a cikin dattawa yanzu, tambayoyin a bakinsa suke bisa ga al'ada, ba zai guje wa nauyinsa ba. Sauran suka yi gyaran murya na yabo.

Aka miƙa mata Littafi ta ɗora hannu. Orkuma ya tambaye ta ko ta yarda ta yi zunubi, ta ce ta yarda. Ko ta tuba, ta ce ta tuba tun tuni. Sai ya gyara tabarau.

"Mnena, wa ya aike ki gidan Atser? Wa kuma ya sani?"

Daga inda nake ina ganin gefen fuskarta. Shi take kallo, ba da fushi ba, kallon mai jiran a ce mata wani abu. Shi kuwa yana duban bango daidai saman kanta.

"Ba kowa," ta ce. "Ni kaɗai."

Faston ya ce a gode wa Ubangiji, tunkiyar da ta ɓata ta dawo garke. Suka yi waƙa, suka yi addu'a. Wani dattijo ya kama hannun Orkuma da hannu biyu ya ce haƙurinsa ya haifi ɗa mai ido. Muka kama hanyar gida. Hannun da ta ɗora a kan Littafi ta riƙe shi a ƙirji kamar wanda ya ƙone.

Lahadi majami'a ta cika har waje. Aka kira sunanta, mata suka yi guɗa, aka zaunar da ita a gaba cikin matan zumunta, ni ina gefenta. Da aka ce marasa rabo su fita, na ji jikinta ya motsa zai tashi, sai na riƙe mata zane.

Sesugh ya yi addu'a a kan gurasa. Bisa ga tsari dattawa ne ke zagayawa da faranti, amma ya sauko da kansa ya tsaya a gabanta. Ya ɗauki gutsure guda ya sa mata a tafin hannu. Hawaye na bin fuskarsa, rabin majami'a na share ido. Ta dube shi ta yi masa murmushi, ta rufe hannun.

Aka ce a ci gaba ɗaya. Kowa ya sunkuya ya kai baki. Ita ma ta sunkuya, amma hannun bai bar cinyarta ba. Da ƙoƙo ya zo ta karɓa, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta miƙo mini. Sesugh ya gani. Na ga ya tsaya da magana a tsakiyar aya, sannan ya ci gaba.

Bayan an tashi gidan ya cika da baƙi, ana ci ana sha, ana kiɗa. Na neme ta na same ta a bayan madafi a kan turmin da aka kifa. Ta buɗe mini hannu. Gurasar ta jiƙe da gumi ta zama ɗan curi.

"Me zan yi da shi, Maman Wandoo? Ba a yarwa, ba a ba kaji. Ni kuma ba zai wuce mini ba."

"Ki ci mana. Allah ya san dalilinki."

"Shi ya sa." Ta numfasa da ƙyar. "Ranar da na kai yaron can, na san abin da na yi. Tun a hanyar dawowa nake roƙon gafara, zuciyata kuma ta gaya mini an ji ni. Duk shekarun nan da nake zaune a waje, kunyar mutane nake ji, amma in na rufe ido ina iya kiran sunan Yesu ba shakka. Tun ranar da na amsa musu na kasa. In na buɗe baki sai in ji hannuna a kan Littafin nan. Da suna cewa na saɓa wa Allah. Yanzu kam na saɓa."

Ta kamo hannuna ta juye mini curin.

"Ke ci. Bakinki da tsabta."

Na ci. Gishirin tafinta ya fi sukarin yawa.

Jibi biyu ta ƙara gani a duniya. Duka biyun tana zaune a gaba, faranti ya zo ta miƙa wa ta kusa. Masu guɗar ran nan su ne suka koma cewa ashe akombo bai sake ta ba, jikin Ubangiji ba ya shiga cikin da tsafi ya riga ya zauna. Ta daina zuwa rafi, ta daina fitowa tsakar gida. Na riƙa karanta mata wuraren da ke maganar jinƙai, tana saurara da ladabi kamar ana ba ta labarin garin da ba za ta je ba. Ta rasu kafin sabuwar doya, da hantsi, Orkuma yana wurin taron dattawa.

A wurin jana'iza an yi maganarta kaɗan, an yi maganarsa da yawa. Aka ce ga mutumin da ya zauna da mace ƙarƙashin horo tun ƙuruciya bai kore ta ba, bai ƙara aure ba, bai gaji da yi mata wa'azi ba. Aka ce samari su yi koyi.

Ba a gidan Orkuma kaɗai ake wannan ba. Na zauna a bencin baya, na ga waɗanda ke zama a can, yawancinsu mata ne, kuma kusan kowace akwai wanda ya kamata ya zauna kusa da ita amma yana gaba da babbar riga. Mun iya karanta wa mutum ayar kunya da safe, mu ci sakwarar da ya daka da rana. Ikilisiya ta yanka horo na shekara guda, gida ya mayar da shi na rai da rai, domin mai jin kunya ba ya musu, ba ya gajiya, ba ya neman a gode masa.

Da aka watse daga makoki Sesugh ya same ni a bakin katanga. Ya rame, kwalar ta yi masa yawa a wuya.

"Mama Wandoo, ke ce kika fi kowa zama da ita. Me ya sa ta ƙi ci daga hannuna? Wani abu na yi mata?"

Na ce ba abin da ya yi mata, ta so shi fiye da ranta. Sauran kuwa ba a bakina yake ba, ya je ya tambayi babansa.

Ya tafi. Ina tsaye na ga ya shiga ate ya tsuguna. Orkuma ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Kunya ce, ɗana. Ai kai ka fi ni karatu. Wanda ya saɓa wa Allah, ko an gafarta masa, kunyar ba ta sakinsa har kabari. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a wa'azi."

Sesugh ya gyaɗa kai a hankali. Sai tsohon ya leƙa wajen madafi ya tambaya ko yaran nan sun ɗora doya, rana ta yi.